“Ni kowace waƙa ina ji”: tambayoyi da amsoshi kan masu ɓoye gwaninsu

Tambayi wanda kuka haɗu yau, a sansanin masu yi wa ƙasa hidima ko a sabon wurin aiki, wane mawaƙi yake saurare. Sau tari amsar da za ka samu ita ce, “Ni ba na zaɓe, duk wadda ta yi daɗi ina ji.” Wani iya gaskiyarsa ke nan. Wani kuwa yana da gwaninsa, ya haddace baitocinsa kaf, amma ya san kallon da za ka yi masa idan ya ambaci sunan, shi ya sa ya haɗiye.

Mene ne abin kunya a son waƙa?

Galibi waƙar ba ta da laifi a idon mai ɓoyewar. Abin da yake gudu shi ne jama’ar da aka san mawaƙin da su. Da zarar ka furta sunan, mai sauraronka mutane yake tunawa: waɗanda ya taɓa gani suna ɗura wa wani ashar a Facebook da X, ko samarin unguwarsu da ke ƙure sauti a bakin layi da tsakar dare. Nan take sai ya jefa ka cikinsu, a yi muku kuɗin goro.

Dubi magoya bayan Wizkid da na Davido. Na farkon suna kiran kansu Wizkid FC, na biyun 30BG, kuma sun shekara da shekaru suna yi wa juna wankin babban bargo a intanet. Mutum kamili da ke son waƙoƙin ɗayansu, wanda bai taɓa zagin kowa ba, ya san idan ya ce “ni ɗan FC ne” za a ɗauka da shi ake wannan ta’asar. Sai ya ce yana ɗan taɓa jin Afrobeats, ya canza zance.

Me ya sa sai a gaban sabon mutum?

Tsohon aboki ya san ka ciki da bai. Ya san gidanku, ya ga halinka a kan kuɗi, yana tuna ranar da ka tsaya masa. Idan ya gano kana jin wani mawaƙi da ya raina, iyakarta ya tsokane ka ku yi dariya. Sabon mutum kuwa hannunsa wayam yake, abin da ka fara miƙa masa da shi zai auna ka, kuma ra’ayin farko yana da wuyar kankaruwa.

Waƙa tana cikin abubuwan da ake fara miƙawa. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Peter Rentfrow da Samuel Gosling, sun wallafa wani bincike da suka yi a Amurka. Sun haɗa ɗaliban da ba su san juna ba bibbiyu, suka bar su suna hira ta intanet har mako shida a kan duk abin da suka ga dama. Zancen waƙa ne ya fi kowane zance fitowa, ya fi na fim da na littattafai da na wasanni. Da ita mutane ke karantar juna, kuma mai ɓoyewa ya san haka ko bai taɓa jin labarin binciken ba.

Ba rigingimun intanet ne suka haifar da wannan ba?

Sun dai ƙara masa ƙarfi, amma sun tarar da shi. A ƙasar Hausa an daɗe ana gane mutum da makaɗinsa, domin kusan kowane rukuni da nasa kiɗan. Mahauta da kalangu, sarakuna da tambari, ’yan dambe da ’yan tauri da manoma kowa da mai wasa shi. Wanda ya ji kiɗa ya san masu shi.

Ɗauki marigayi Muhammadu Gambu, mutumin ƙasar Kabi, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi. Gwani ne na ƙarshe wajen tsara labari da sarrafa harshe, kuma masu jin sa don hikimar zance sun fi ɓarayin da ya wasa yawa nesa ba kusa ba. To amma a ce yau aka ba ka jiran shago, sai maigida ya shigo ya tarar kana kaɗa kai, Gambu na tashi a wayarka yana jero sunayen mazajen dare. Ko bai ce uffan ba, kai ka san da dare sai ya sake ƙirga cinikin.

Haka goge, wanda aka daɗe ana dangantawa da bori da gidan magajiya. Dattijo mai son sa yakan ji abinsa a ɗaki, ƙasa-ƙasa. A zamanin nan kuma siyasa ta shigo da nata. Dauda Kahutu Rarara ya iya ɗora waƙa ta shiga jiki, har ’yan adawar wanda yake wasawa sukan tsinci kansu suna rera amshi. Sai dai a Kano lokacin zaɓen 2023, waƙarsa a wayarka ta isa a yanke maka jam’iyya, kuma a watan Maris na shekarar, bayan an sanar da sakamakon zaɓen gwamna, wasu sun cinna wa gidansa wuta. A irin wannan yanayi wa zai shiga baƙuwar majalisa yana fito da karin waƙarsa? Ko begen Manzon Allah bai tsira ba. Wanda wayarsa ta yi ƙara da muryar wani sha’iri ko da bugun mandiri, an san ɓangarensa kafin ya gama sallama, a wata majalisar a matsa masa a tabarma, a wata a tsuke fuska.

Akwai wanda ya taɓa cutuwa da gaske, ko tsoro ne kawai?

Akwai. A Amurka akwai wasu mawaƙan rap biyu na birnin Detroit, Insane Clown Posse, masu shafe fuska da fenti. Masoyansu, waɗanda akasarinsu Turawa ne talakawa, ana kiran su Juggalo. A 2011 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta saka su cikin rahotonta na ƙungiyoyin ’yan daba saboda laifukan da wasu daga cikinsu suka aikata. A 2014 wasu masoyan suka kai ƙara. Wani ya ce ɗan sanda ya tare shi ya bincike shi saboda tambarin mawaƙan da ke jikin motarsa, wani ya ce an gaya masa ba zai shiga soja ba sai ya kawar da zanen da ke jikinsa. A watan Satumba na 2017 suka yi gangami a Washington, amma ƙarar tasu ba ta yi nasara ba.

A Ingila abin ya kai ga rai. A watan Agusta na 2007, a garin Bacup, wasu samari suka far wa wata budurwa ’yar shekara 20 da saurayinta saboda shigarsu ta baƙaƙen kaya irin ta masoya kiɗan goth. Ita ba ta tashi ba. A 2013 ’yan sandan Manchester suka fara rubuta irin wannan hari cikin laifukan ƙiyayya.

A Najeriya ma an ga yadda suna ke juyewa dare ɗaya. Masoyan Naira Marley, wato Marlians, sun yi tashe suna taƙama da rashin ɗaura bel da rashin jin magana. Da Mohbad, wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kamfaninsa, ya rasu a watan Satumba na 2023, jama’a suka ɗora zargi a kan Naira Marley, wasu gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsa, matasa da yawa suka yi ta nesanta kansu da sunan da jiya suke tutiya da shi. A farkon 2025 wata kotu a Legas ta ce ba shi da hannu a mutuwar.

Yawancin masu ɓoyewa dai ba duka ko kamu suke tsoro ba. Abin da suke gudu ƙarami ne, amma yana da ciwo: ɗan murmushin raini, da “au, ke ma cikinsu kike?”

Ai wasu masoyan su suka ja wa kansu baƙin jinin, ko ba haka ba?

Haka ne, kuma ba za a rufe wannan ba. Akwai ’yan ga-ni-kashe-ni da za su yi wa mutum taron dangi don ya ce sabuwar waƙar gwaninsu ba ta yi ba, su tono hotunan iyalinsa, su bi shi har wurin aikinsa. A Koriya ta Kudu akwai masu bin mawaƙa har ƙofar gida da cikin jirgi. Wanda ya taɓa faɗawa hannun irin waɗannan yana da hujjar ɗari-ɗari.

Sai dai su aka fi gani don su suka fi hayaniya, kuma shafukan sada zumunta rigima suke turowa gaba domin ita ke tara jama’a. Mai jin waƙarsa yana guga ba ya rubuta komai, ba wanda ya san da shi. Masoyan BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, waɗanda ake yi wa kallon marasa aikin yi, su ne a watan Yuni na 2020, da mawaƙan suka ba Black Lives Matter, ƙungiyar fafutikar haƙƙin baƙar fata a Amurka, dala miliyan 1, suka tara kwatankwacinta cikin kusan kwana ɗaya.

Su wa wannan tsangwamar ta fi kamawa?

’Yan mata da talakawa. A nan, a ganina, asirin abin yake tonuwa.

Duk waƙar da ’yan mata suka rungume sai an raina ta. A farkon shekarun 1960 jaridun Ingila sun yi ta yi wa ’yan matan da ke ihu a wasannin ƙungiyar mawaƙan Beatles ba’a, ana cewa sun zautu. Yau manyan masana kiɗa suna jera Beatles a sahun farko, ba wanda ya koma ya ce ashe yaran nan suna da kunne. ’Yar Kaduna ko Kano mai son K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu, ita ke shan irin wannan yanzu: “maza masu kwalliya kamar mata”, “waƙar da ko yaren ba kya ji”. Mai faɗin haka wataƙila ubansa ya haddace waƙoƙin finafinan Indiya tun shekarun 1970 ba tare da ya san ma’anar kalma ɗaya ba. Shi kansa kuma, ranar da aka lallasa Arsenal ko Manchester United, daga gidan kallo zai dawo ya ƙi cin tuwo, ba mai ce masa ya zautu.

Ta fuskar talauci kuwa, wata masaniyar zamantakewa, Bethany Bryson, ta duba ra’ayoyin Amurkawa a wani bincike da ta wallafa a 1996. Ta gano masu ilimi mai zurfi sun fi kowa karɓar kiɗa iri-iri, amma nau’o’in da suka fi ƙyama su ne waɗanda masoyansu suka fi ƙarancin karatu: rap, da heavy metal, da kiɗan country, da waƙoƙin coci na gospel. Wato har mai cewa shi kowace waƙa yana ji yana da layin da ya ja, kuma a kan mutane ya ja shi. Mu ma muna da namu. Ɗan boko yakan kira Shata da alfahari, ya ambaci jazz ko ba ya ji, amma waƙar nanaye da ya sa sau uku a mota kafin ya iso ofis sai ya ce “ta direba ce”.

Ta yaya ake ɓoyewar?

Hanyoyin suna da yawa, wasu har da ban dariya. A shagon masu tura waƙoƙi a waya za ka ga matashi ya sunkuya ya rage murya: “Don Allah Malam, ka zuba min su a folda daban, ka rubuta Darasi.” Wata za ta canza hoton fuskar wayarta kafin ta shiga sabon ɗakin kwanan ɗalibai. Wani zai toshe rabin mutanen wayarsa kafin ya ɗora sitatus. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana da wurin da za ka danna ka ji waƙa a ɓoye, kuma a ƙarshen shekara, lokacin da yake nuna wa kowa mawaƙan da ya fi ji, za ka ga wasu sun yi tsit kamar ba su da manhajar.

Wurin da dabara ke ƙarewa shi ne mota. An cika ana tafiya ɗaurin aure, sai mai tuƙi ya ce, “Yaya, haɗa mana bulutut ka sa mana wani abu.” Yaya ya shiga lalube, ya wuce wannan ya wuce waccan, gumi na tsattsafo masa, daga ƙarshe ya ce caji ya yi ƙasa.

Wanda yake ɓoyewa saboda addini fa?

Wannan bahasi ne daban. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan kiɗa, kuma wanda ya ɗauki jin sa laifi ne yana ɓoye abin da shi kansa yake fatan bari. Wanda muke magana a kai bai ga aibin abin da yake ji ba, mutanen da za a haɗa shi da su yake gudu. A arewa dai sau da yawa biyun a cakuɗe suke a zuciya ɗaya.

Wannan ba munafunci ba ne?

Yin shiru ba munafunci ba ne. Ba wanda ke bin ka bashin jerin waƙoƙinka a haɗuwar farko, kamar yadda ba ya bin ka bashin sanin albashinka. Kawaici hali ne mai kyau.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da shiru ya koma taya zagi. Ana zaune an sa masoyan gwaninka a faifai, kai kuma don kada a gane ka sai ka fi kowa zaƙewa, kana cewa ai duk mahaukata ne. Ka yi wa kanka ƙarya, ka kuma ƙara wa tsangwamar da kake tsoro ƙarfi, alhali mai yiwuwa na kusa da kai shi ma ɓoyewa yake yi, yanzu kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ba zai taɓa faɗa maka ba. Ga wahalar riƙon ƙarya: wanda ya ce shi ɗan jazz ne, wata rana sai an tambaye shi wane ne gwaninsa.

To yaushe ya kamata a faɗa, kuma ta yaya?

Ya danganta da wanda ke gabanka. Shugabanka a ofis da surukinka ba dole su sani ba har abada. Wanda za ku raba ɗaki da shi shekara guda, ko wadda kake nema da aure, gara su ji daga bakinka da wuri, domin ɗaki ɗaya ba ya ɓoye abin da ake saurare, kuma yadda mutum ya karɓi wannan ƙaramin abu yana nuna maka yadda zai karɓi manya.

Wajen faɗa, kira waƙa ɗaya ka ce me ya burge ka a cikinta, amshin ne ko kalangun ko wani baiti, maimakon ka fara da sunan rundunar masoya. “Ina son yadda yake jera labari” yana buɗe hira, “ni ɗan kaza ne” yana buɗe musu. Kada kuma ka riga mutum neman afuwa da “na san za ka yi dariya, amma…”, domin ka ba shi izinin dariyar ke nan. Idan ya kawo maka laifin masoyan, ka amsa wanda yake gaskiya, ka ce kai ma ba ka tare da masu zagin, sannan ka miƙa masa iyafis ɗaya ya ji da kunnensa.