Waiwaye: Yadda mujallun bogi suka samu kasuwa a jami'o'inmu

Duk lokacin da aka ƙi karɓar maƙalun wani malami wajen ƙarin girma saboda a mujallar bogi ya buga su, sai muhawara ta kaure kamar jiya abin ya fara. Alhali ruwa ba ya tsami banza.

Bayan sanarwar Budapest ta 2002 kan sakin bincike kyauta a intanet, mujallu da dama suka koma karɓar kuɗi a hannun marubuci maimakon mai karatu. 'Yan damfara suka ga kafa. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Amurka, ya yi ta jera sunayensu har ya rufe jerin a 2017. A 2013 kuma John Bohannon, ɗan jarida mai rubutu kan kimiyya, ya tura binciken ƙarya ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa.

Amma tushen namu ya girmi duk wannan. Tun daga 1986, da darajar naira ta karye, laburaren jami'o'in Najeriya suka kasa sayen mujallun waje, na gida kuma kuɗin takarda da ɗab'i ya gagare su. Malami zai miƙa maƙala ya yi shekaru yana jira. Wasu mujallun da suka rage suka zama na abokai, ka duba nawa in duba naka. Don maganin haka jami'o'i da yawa suka gindaya sharaɗin cewa wani kaso na maƙalun mai neman ƙarin girma sai ya fito a ƙasashen waje.

Niyyar mai kyau ce, amma a ganina nan gizo ke saƙa. Adireshin mujalla da yawan maƙalu suka zama ma'auni, abin da ke ciki ya koma baya. Ga malami da ɗaruruwan takardun jarrabawa a kan tebur, babu kuɗin bincike, sa'o'insa sun wuce shi. Sai ga imel ana kiransa farfesa tun bai kai ba: turo maƙalarka, mu buga cikin mako biyu, ka biya da dala. Da albashinsa zai biya, kuma ba wanda zai karanta ta kafin a buga, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kafin ka tura, nemi sunan mujallar a DOAJ, kundin intanet na mujallun kyauta da aka tantance, ko a AJOL, dandalin mujallun Afirka, in ta Afirka ce. Ka bincika ko editocin da ta lissafa sun san da zamanta, domin wasu a intanet kawai aka kwaso sunayensu da hotunansu.