AGC ba ya tace murya, ɗaga ta yake yi da duk abin da ke bayanta

Tun da masallatai suka fara watsa tafsiri kai tsaye a Facebook, matasa kuma kowa ya buɗe shirinsa a YouTube, haruffan nan uku, AGC, wato Automatic Gain Control, dabarar da na'ura ke daidaita ƙarfin sauti da kanta, suka shiga bakin jama'a. Mai sayar da makirufo a kasuwa zai ce maka, "Alhaji, ɗauki wannan, tana da AGC, ita ke tace murya." Kwanaki har a rediyo na ji mai gabatar da shiri yana ba masu sauraro haƙuri kan shuuu ɗin da ya cika hirarsa, wai ba a kunna AGC ba ne. Maganar ta tsaya mini a rai, domin sau da yawa shi AGC ɗin ne ke jawo wannan shuuu.

Ba ya tace komai. Aikinsa guda ne: ya auna ƙarfin sautin da ke shigowa, in ya yi ƙasa ya ɗaga shi, in ya yi sama ya sauke shi. Bai san muryar mutum ba, bai san kukan fanka ba, duk sauti ne a wurinsa.

Asalinsa ma don akwatin rediyo aka yi shi. A 1925 wani injiniya Ba'amurke, Harold Wheeler, ya fito da dabarar. Duk wanda ya taɓa kama BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango da daddare ya san yadda murya ke tafiya ta dawo kamar iska ce ke ɗauke ta. Siginar tana dukan wani sashe na sararin samaniya ne ta dawo ƙasa, sashen kuwa ba ya zama a hali ɗaya. Dabarar ita ce akwatin ya riƙa ƙara wa kansa ƙarfi in tashar ta yi rauni, ya rage in ta dawo. To amma ku tuna abin da muke ji a daidai lokacin da tashar ta nutse: shuuu ne ke tasowa ya cika ɗaki. Akwatin ya buɗe kunne iya buɗewa, bai sami murya ba, sai ya ɗago abin da ya samu.

Wannan halin bai bar shi ba har yau. A azumin bara na zauna kusa da yaron da ke riƙe da mikisa, na'urar da ake haɗa sautin makirufo a cikinta, a wani masallaci. Alaramma mai jan baki muryarsa ƙarfi gare ta, Malam kuwa a hankali yake fassara. Da Malam ya ɗan yi shiru zai juya shafi, sai na ji a lasifikar kunne fanka ta taso, janareta na waje ya shigo, har tarin wani dattijo a sahu na uku ya fito sarai. Alaramma na buɗe baki, harafin farko na ayar ya fashe, kafin na'urar ta farga ta sauke kanta. Na ce wa yaron ya kashe AGC ɗin nan. Ya ce, "Baba, ai shi ke gyarawa." Ba laifinsa ba ne, haka aka faɗa masa. Amma karatun Alƙur'ani ne ake fasa wa harafi, a kunnen dubban mutane.

Gyaran na hannu ne, kuma tun daga bakin ƙofa ake yin sa. Maɓallin da ke can saman layin kowace makirufo a jikin mikisa, wanda ake kira gein, shi ke ƙayyade yawan abin da zai shigo. Feda ta ƙasa, wato maɓallin da ake ja sama da ƙasa, tana rage ko ƙara abin da ya riga ya shigo ne kawai. In sauti ya fashe a sama, ja feda ƙasa ba zai ɗinke shi ba, fasasshe ne dai a hankali. Sai a sa kowa ya yi magana da irin muryar da zai yi aiki da ita, a murɗa gein ɗinsa shi kaɗai. A na'urar dijital, a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, sifili shi ne rufin ɗaki, babu komai a samansa. Bari magana ta riƙa yawo wajen desibel 12 ƙasa da sifili, in an ɗaga murya kada ta haura 6 ƙasa da sifili. A bayan gein ɗin a sa wata na'ura da ake kira limita, wanda ba ya ɗaga komai, tare abin da zai bugi rufi kawai yake yi.

AGC yana da wurinsa. Ɗan jaridar da ke shi kaɗai a taron siyasa, hannu ɗaya da rikoda, ɗayan yana kare kansa daga turereniya, gara ya kunna shi. Haka masu kiran waya a shiri, wani na rada wani na ihu. A masallacin nan kuwa mutum biyu ne, makirufo biyu, a zaune wuri ɗaya wata guda cur. Washegari muka daidaita kowanne da hannu kafin la'asar, da Malam ya yi shiru sai aka ji shiru.