Dokar Sassauto da Tutar Amurka Domin Jami'an Ƙananan Hukumomi

Sassauto da tuta zuwa rabin sanda alama ce ta makoki da gwamnati ke nunawa idan aka yi rashin wani babba ko kuma aka shiga wani bala'i da ya taɓa ƙasa. A Amurka, ƙa'idojin wannan al'ada suna cikin Dokar Tuta wadda majalisar dokokin ƙasar ta amince da ita a shekarar 1942, sannan a ranar 1 ga Maris, 1954, Shugaba Dwight Eisenhower ya fitar da sanarwar da ta fayyace yawan kwanakin da za a yi wa kowane muƙami.

Shugaban ƙasa mai ci ko tsoho ana yi masa kwana 30. Mataimakinsa, da alƙalin alƙalai, da kakakin majalisar wakilai kwana 10 ne. Gwamna kuwa daga ranar mutuwarsa har zuwa ranar jana'iza, ɗan majalisar tarayya kuma ranar mutuwa da washegari. Magajin gari, da kansila, da jami'in gunduma ba su cikin wannan jerin, kuma daga nan ne gardama take tasowa.

Mutanen da dokar ta ambata da ikon ba da umarnin sassauto da tutar ƙasa kaɗan ne: shugaban ƙasa, da gwamnonin jihohi da yankuna, da magajin garin Washington, wanda ya samu wannan iko saboda birnin tarayya ba shi da gwamna. Gwamna yana iya yin haka idan wani jami'in gwamnatin jiharsa ya mutu, mai ci ko tsoho. A 2007 aka yi wa dokar gyaran fuska ta haɗa da soja ɗan jihar da ya mutu a bakin aiki, aka kuma wajabta wa gine-ginen tarayya da ke jihar su bi umarnin gwamna a irin wannan hali. A 2018 aka ƙara ma'aikatan agajin gaggawa, irin su 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, waɗanda suka rasa rayukansu suna kan aiki. Wannan ƙari ya dace ƙwarai, domin galibinsu ma'aikatan birane ne da gundumomi, kuma mutuwarsu ce ta fi girgiza unguwannin da suka yi wa hidima.

Saboda haka, idan magajin wani gari ya mutu, hanyar da ta fi bin ƙa'ida ita ce hukumar garin ta roƙi ofishin gwamna ya ba da umarni, kuma sau da yawa umarnin yakan tsaya ga gundumar mamacin kaɗai a ranar jana'iza. Wasu biranen kan sauko da tutar birni kawai, su bar tutar ƙasa a ƙololuwa. Wasu kuma sukan sassauto da duka biyun a ƙofar majalisar gari ba tare da jiran kowa ba, suna kafa hujja da cewa ginin nasu ne. Babu mai hukunta su, domin Dokar Tuta ba ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa wa wannan sashe ba. Masu sukar wannan hali, ciki har da tsofaffin sojoji, suna ganin yawan sassauto da tutar yana rage mata kwarjini, har mai wucewa ya daina tambayar wa aka rasa.

Dokar ta kuma bayyana yadda ake aikin da hannu. Da safe mai ɗaga tuta yakan ja igiya har sai ta kai ƙololuwar sanda, ya ɗan dakata, sannan ya sassauto da ita zuwa tsakiya. Da yamma ma sai ya sake kai ta sama kafin ya sauke ta gaba ɗaya.