Da me shuka ke gina jikinta? Tambayoyi kan ganye da hasken rana

Ba daga ƙasa shuka ke samun abincinta ba?

Haka yawancinmu muke ɗauka, tunda a ƙasa ake zuba taki. A ƙarni na 17 wani likita ɗan Burasel, Jan van Helmont, ya gwada abin. Ya auna busasshiyar ƙasa ya zuba a tukunya, ya dasa reshen itacen wilo, shekara 5 ba abin da yake ba shi sai ruwa. Itacen ya ƙara kusan kilo 74, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta rasa ba. Sai ya ce ai ruwa ne ya zama itace. Ya kusa, amma bai kai ba: mafi yawan nauyin busasshen itace daga iska yake, daga kabon dayoksaid, irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Gawayin da mai shayi ke hura wuta da shi, kabon ne da wata bishiya ta tsinta a iska.

To ina hasken rana ya shigo?

Shi ne ƙarfin da ke tuƙa aikin, wanda masana ke kira fotosintasis. A cikin ganye akwai kulorofil, sinadarin da ke shan jan haske da shuɗi, ya bar kore, shi ya sa ganye ke fitowa kore shar. Da ƙarfin da ya sha ake fasa ruwan da saiwa ta jawo, ya rabu gida biyu: oksijin da haidirojin. Oksijin ya fice ta ƙananan kafofin da ke jikin ganye, haidirojin da ƙarfin kuma su tsaya. Daga nan sai a haɗa su da kabon dayoksaid a ƙera sukari. Wannan zagaye na biyu Melvin Calvin da abokan aikinsa ne suka bi diddiginsa a Amurka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

Sukarin nan kowace shuka da rumbunta. Rake a kara yake tarawa, rogo ya mai da shi sitaci ya binne a saiwa, gero ya kai zangarniya.

Me ya sa gero da dawa suka fi alkama jure zafi?

Nan ne abin ya fi burge ni. Kabon dayoksaid kaɗan ne a iska, wajen kashi 0.04 cikin ɗari, kuma kafofin da yake shiga ta nan ruwa ke tsiyayewa. Rana ta take, ganye ya tsuke kafofinsa don kada ya bushe, sai kabon ya yi ƙaranci a ciki. Alkama da shinkafa sukan yi asara a wannan hali, don sinadarin da ke kama musu kabon yakan yi kuskure ya kama oksijin. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara da ake kira C4: sukan fara cafke kabon ɗin, su tura shi can cikin ganye su tara, ta yadda ko kafofin a tsuke suke aiki na tafiya. Ba banza ba manoman Kadawa a jihar Kano ke jiran sanyin hunturu kafin su shuka alkama.

In haka ne, mene ne amfanin taki?

Kayan aiki ne, ba abinci ba. Ba a gina kulorofil sai da naitirojin da maganiziyam. Masarar da ba ta samu naitirojin irin wanda takin yuriya ke bayarwa ba, za ka ga ganyenta na ƙasa sun fara yin rawaya, ta tsumbure, ko da rana na dukanta yini guda.

Amma ana cewa shuka ba ta yi a inuwa, ga gero na yin kyau a gindin gawo?

Gawo bishiya ce mai yin abinta a juye. Da damina take zubar da ganye, sai rani ta yi sabo. Saboda haka lokacin da gero ke neman haske rassanta a tuɓe suke, ganyen da ta zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarta da rani kuma sun riga sun zama taki a gindinta.