Mece ce lambar EF da ake liƙa wa guguwar tonado?

Mai bin labaran Amurka a watannin Afrilu zuwa Yuni ba zai rasa jin an ce guguwa mai matakin EF2 ko EF4 ta afka wa wani ƙauye ba. Kafafen labaranmu kan kira ta mahaukaciyar guguwa, sunan da suke ba wa wadda ke tasowa daga teku ma, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ta teku tana shafe kwanaki tana tafiya, faɗinta ɗaruruwan kilomita. Tonado kuwa iska ce mai juyawa da ke saukowa daga gindin hadari har ta taɓa ƙasa, kamar mazurari, galibi cikin mintuna kaɗan ta gama ta'asarta. Ta kuma bambanta da guguwar da muka sani da rani, wadda ke kwasar ƙura da yayi a fili har yara su ce aljanu ne ke wucewa. Ita ta ranin daga zafin ƙasa take tashi, ko da babu gajimare ko ɗaya a sama.

Amurka na samun tonado fiye da 1,000 a shekara, musamman a jihohin tsakiya irin su Oklahoma da Kansas, inda iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meksiko ke karo da busasshiyar iska mai sanyi.

Harafin F daga sunan Tetsuya Fujita ya fito, masani ɗan asalin Japan da ya koyar a Jami'ar Shikago, wanda ya tsara ma'aunin a 1971. An gyara shi aka fara aiki da sabon a Fabrairun 2007, harafin E kuma na nufin an inganta shi. Matakai shida ne, daga EF0, iskar da ke gudun kilomita 105 zuwa 137 a awa, har EF5, wadda ta haura kilomita 322.

Sai dai ba a auna iskar kai tsaye, don da wuya na'ura ta tsaya a gaban tonado ta tsira. Ɓarna ake aunawa. Idan ƙura ta lafa, jami'an hukumar kula da yanayi kan bi sawun guguwar kamar masu bin sawun ɓarawo, suna duba abubuwa iri 28 da aka riga aka lissafa: gidan zama, rumbu da garken dabbobi, makaranta, turakun lantarki, bishiyoyi da sauransu. A gida, za a duba ko rufi kaɗai ya yaye, ko bangon waje ya faɗi, ko an share komai sai daɓen siminti. A bishiya, karyewar reshe daban, tumɓukewa daban, tsinkewar kututture daban, mafi muni kuma a tarar an saɓule mata ɓawo ta zama dungu. Har ingancin ginin sai an duba, domin gidan da ba a ɗaure shi da harsashinsa ba ko iska matsakaiciya ta ɗauke shi.

A nan ne ƙauye ke shan kashi a lissafi. Ƙaramin rumbu ko an niƙe shi gari, shaidarsa ba ta wuce EF2, tunda iskar da ba ta kai haka ba ma tana iya rusa shi. Gonar alkama kuwa ba ta cikin jerin 28 ɗin sam. Ranar 31 ga Mayun 2013 wata tonado ta sauka kusa da El Reno a Oklahoma, faɗinta kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa rubutawa. Na'urar rada, wadda ke aunawa daga nesa, ta nuna iskarta ta kusa kilomita 480 a awa, ta kuma kashe mutum 8, ciki har da Tim Samaras, mai binciken guguwa. Amma EF3 aka ba ta, saboda yawanci gonaki ta ratsa, ba ta sami gini mai ƙarfi da za ta nuna ƙarfinta a kansa ba. Wadda ta afka wa Greensburg a Kansas ranar 4 ga Mayun 2007 kuwa gari ta samu, mai mutum kimanin 1,500, ta rusa kashi 95 cikin 100 nasa, ta zama EF5 ta farko a sabon ma'aunin.

A ganina shi ya sa bai kamata mai karatu ya ga ƙaramar lamba ya ce abin da sauƙi ba. Manomin da EF1 ta ratsa gonarsa yana iya tarar da shinge a kwance, shanu sun watse, bututun ban ruwa ya kife. Sannan ga aiki mai cin rai: sai an bi gonar da ƙafa ana tsince kwano da ƙusa da katako ɗaya bayan ɗaya, don idan injin girbi ya haɗiye su ya lalace, ga kuma alkama ta kusa nuna.