Takardun Lamunin Gwamnatin Tarayya: Lissafin Riba da Hanyar Saye

Mene ne mutum yake saya idan ya sayi takardar lamuni?

Bashi yake bai wa gwamnatin tarayya, ita kuma ta yi alkawarin biyansa wani kaso a kai a kai, sannan ta mayar masa da uwar kuɗinsa ranar da wa'adi ya cika. A Najeriya, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, wanda aka kafa a 2000, shi ne yake fitar da waɗannan takardu.

Kason da ake sanarwa shi ne ainihin abin da zan samu?

Ba kullum ba ne, domin ana lissafa kason a kan darajar da aka rubuta wa takardar, alhali abin da ya shafi mai saye shi ne kuɗin da ya fita daga aljihunsa. A ɗauki misalin takarda mai darajar naira 1,000 da ke biyan kashi 15 cikin 100, wato naira 150 a shekara. Wanda ya same ta a kasuwa a kan naira 900, idan ya raba 150 da 900 zai ga yana samun kusan kashi 16.7, kuma ranar cikar wa'adi za a ba shi naira 1,000 cur. Wanda ya saye ta a kan naira 1,100 kuwa, kashi 13.6 yake samu, kuma naira 100 za ta salwanta masa a ƙarshe.

Takardun baitulmali na gajeren zango, masu wa'adin kwana 91, 182 ko 364, waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu, ana cire ribarsu tun a farko. Idan ragin kashi 18 ne na kusan shekara guda, mutum zai biya kimanin naira 82,000 ya karɓi naira 100,000, don haka ribarsa ta gaskiya ta kusa kashi 22. Bayan wannan lissafi wajibi ne a dubi hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 a 2024. A irin wannan shekara, kashi 22 ba ya mayar wa kuɗi ƙarfin sayayyarsu.

Ta wace hanya mai ƙaramin jari zai saya?

Gwanjon manyan takardun yana buƙatar fiye da naira miliyan 50, saboda haka bankuna da kamfanonin fansho ne suka fi shigarsa. Mai ƙaramin ƙarfi ya nufi takardar tanadi da aka ƙaddamar a watan Maris na 2017. Ana farawa da naira 5,000, wa'adinta shekara 2 ko 3 ne, ana biyan kason duk bayan wata 3, kuma ana saye ta hannun dillalan hannun jari da DMO ta amince da su. Ina ba da shawarar a tabbatar da sunan dillali a jerin da ofishin ya wallafa kafin a tura ko sisi.

Wanda yake gudun kuɗin ruwa fa?

Sukuk, wato takardar zuba jari da ta bi tsarin shari'ar Musulunci, ya dace da shi. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a watan Satumba na 2017 da naira biliyan 100 na tsawon shekara 7, aka zuba kuɗin a aikin hanyoyi a shiyyoyi shida na ƙasar. Mai saye yana mallakar wani rabo ne a cikin kadarar da aka zuba kuɗin a kanta, abin da ake biyansa duk wata 6 kuma kuɗin haya ne. Mafi ƙarancin abin da aka fara da shi naira 10,000 ne, sai dai ba kowane wata ake buɗe tayinsa ba.

Idan buƙata ta taso kafin wa'adi?

Ana iya sayarwa a kasuwar hannayen jari ta hannun dillali, amma a farashin ranar. Idan kason da sababbin takardu ke biya ya tashi, farashin tsofaffin yakan faɗi, kuma faɗuwar ta fi tsanani ga masu dogon wa'adi. Saboda haka kuɗin da za a buƙata don taki a damina mai zuwa ko kuɗin makarantar yara sun fi dacewa da takardar kwana 91 ko 182, wadda bankuna ke saya wa abokan hulɗarsu, a bar masu shekaru ga kuɗin da ba a sa ran taɓawa.