Jack's Bay, tsibirin Eleuthera

Jack's Bay wani katafaren aikin gina wurin shaƙatawa ne na masu hannu da shuni, mai ɗauke da filayen wasan golf da gidajen sayarwa da kulob na bakin teku, a kudancin tsibirin Eleuthera da ke ƙasar Bahamas, kusa da garin Rock Sound. Kamfanin da ke bayan aikin shi ne Eleuthera Properties Limited, wanda Sir Franklyn Wilson ke jagoranta, wani baƙar fata ɗan ƙasar kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar Nassau. Wannan ne ma ya sa ake yawan ambatar wurin, domin a yankin Karibiyan da yawa daga manyan filayen golf da ka gani a bakin ruwa, in ka bincika sai ka tarar kuɗin baƙi ne daga waje, 'yan ƙasa kuma su ne masu yankan ciyawa da ɗaukar jakar sanduna. An gina wani ɓangare na aikin, amma mafi yawansa ya daɗe a matakin tsari da talla.

Inda wurin yake

Eleuthera tsibiri ne siriri mai tsawon kusan kilomita 180, a wasu wuraren faɗinsa bai kai kilomita biyu ba, har akwai wata gada a arewa da ake kira Glass Window inda mutum zai tsaya ya ga tekun Atlantika mai duhun shuɗi a hannu ɗaya, ruwa mai haske marar zurfi a ɗaya hannun. Yana gabas da Nassau babban birnin ƙasar da kamar kilomita 80. A taswira yana ɗan sama kaɗan da layin da ya raba yankin zafi na duniya, amma yanayinsa dai na ƙasashen zafi ne, rani da damina, da lokacin guguwa daga watan Yuni zuwa Nuwamba. Mutanensa ba su da yawa, dubu goma da 'yan kai ne har da ƙananan tsibiran da ke maƙale da shi.

Filin Jack's Bay yana ɓangaren da ke kallon Atlantika, faɗinsa wajen eka dubu ɗaya, alƙaluman da kamfanin ke bayarwa sun ɗan canza daga shekara zuwa shekara. Akwai rairayin bakin teku mai ɗan ja-ja, da kogwannin dutse, da irin ramukan nan masu zurfi cike da ruwa da ake samu a ƙasa mai farar ƙasa.

Tarihi

Ba za a gane dalilin da ya sa mallakar wurin ta zama abin magana ba sai an koma baya sosai. Mutanen asali na tsibiran su ne Lucayan, kuma Sifaniyawa sun kwashe su zuwa aikin bauta a wasu tsibiran cikin 'yan shekaru bayan zuwan Columbus a 1492, har tsibiran suka zama kusan kango. Wajajen 1648 wasu Turawan Ingila masu neman 'yancin addini suka taso daga Bermuda ƙarƙashin William Sayle, jirginsu ya fashe a arewacin tsibirin suka fake a wani kogo da har yau ake kira Preacher's Cave, su ne suka raɗa wa tsibirin sunan da yake da shi. Daga 1783, bayan Ingila ta sha kaye a yaƙin 'yancin Amurka, masu biyayya ga sarkin Ingila suka kwararo Bahamas da bayinsu 'yan Afirka don noman auduga. Audugar ba ta je ko'ina ba saboda ƙasar ba ta da ƙarfi ga kuma ƙwari, da yawa daga masu gonakin suka tattara suka tafi suka bar bayin a kan filayen. An soke bauta a 1834, aka ƙara wasu shekaru huɗu na aikin dole da aka kira koyon sana'a, sai 1838 mutane suka samu kansu. Jikokin waɗannan mutane su ne mafi rinjaye a ƙasar yau, kusan kashi tara cikin goma.

A ƙarni na 19 abarba ce ta riƙe Eleuthera, ana lodinta a jiragen ruwa zuwa Amurka da Ingila, har kasuwar ta mutu a farkon ƙarni na 20 lokacin da Amurka ta fara samun tata daga Hawaii da Kuba. Daga nan talauci ya zauna, maza suka riƙa tafiya Florida aikin gona.

Golf ya shigo kudancin tsibirin ne ta hannun attajiran Amurka biyu. Na farko Arthur Vining Davis, shugaban kamfanin alminiyum na Alcoa, wanda ya sayi dubban ekoki a kewayen Rock Sound ya kafa gona da kulob. Na biyu Juan Trippe, mai kamfanin jiragen sama na Pan Am, wanda ya karɓi wani ɓangare na filayen a ƙarshen shekarun 1950 ya mayar da Cotton Bay Club matattarar abokansa. Filin golf ɗin wurin Robert Trent Jones ne ya zana shi, kuma an buɗe shi wajajen 1959. Trippe ya sa aka gyara filin jirgin Rock Sound yadda manyan jirage za su iya sauka, ka ga ƙaramin gari na masunta da manoma amma jirgi na tasowa daga Amurka ya sauka a cikinsa saboda wasu 'yan tsirarun masu kuɗi su buga ƙwallo. Dattawan yankin har yanzu suna tuna lokacin da cewa zamanin aiki ne, kowa na da abin yi, magina da masu dafa abinci da direbobi da yaran da ke bin 'yan wasa da jaka. Amma fa shiga kulob ɗin a matsayin mamba wani zance ne daban.

A wancan lokacin ƙasar tana hannun wasu 'yan kasuwa farar fata da ake wa laƙabi da Bay Street Boys, da sunan titin kasuwancin Nassau. Manyan otal-otal da silima ba sa barin baƙar fata ya shiga, sai a 1956 Etienne Dupuch, mai jaridar Tribune, ya kawo ƙudiri a majalisa yana sukar wariyar, daga nan otal-otal suka fara buɗe ƙofa. A 1958 aka yi babban yajin aiki wanda direbobin tasi suka fara saboda an so a ƙwace musu jigilar baƙi daga filin jirgi. Ranar 10 ga Janairu 1967 jam'iyyar PLP ta Lynden Pindling ta hau mulki, karon farko da masu rinjaye suka kafa gwamnati, sannan ƙasar ta samu 'yancin kai daga Ingila ranar 10 ga Yuli 1973. Mulki ya koma hannun baƙaƙe, amma filayen bakin teku da otal-otal da bankuna ba su bi shi nan take ba.

Shi kansa wasan golf ɗin haka yake a Amurka inda yawancin baƙin ke fitowa, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PGA tana da doka a rubuce daga 1934 zuwa 1961 cewa farar fata kaɗai ke zama mamba. Charlie Sifford ne ya fara karya wannan shinge, Lee Elder kuma shi ne baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters, a 1975.

Kudancin Eleuthera ya fara komawa baya tun shekarun 1980. Trippe ya rasu a 1981, Pan Am ya rushe a 1991, guguwar Andrew ta daki tsibirin a 1992, Cotton Bay ya rufe wajen tsakiyar shekarun 1990 ciyawa ta cinye ɗakunan. Sai guguwar Floyd ta 1999 ta ƙarasa abin da ya saura, har otal ɗin Club Med da ke garin Governor's Harbour bai sake buɗewa ba. Matasa suka watse zuwa Nassau da Freeport. Tun daga lokacin kusan kowace gwamnati sai ta zo da alƙawarin wani mai zuba jari da zai farfaɗo da yankin, a yi bikin aza harsashi a ɗauki hoto, sai shiru.

Masu aikin

Franklyn Wilson akanta ne a asali, ya shiga majalisar dokoki a 1972 yana matashi a ƙarƙashin PLP. An fi saninsa a matsayin ɗaya daga cikin Sunshine Boys, wasu samari baƙar fata da suka haɗa jari a farkon shekarun 1970 don nuna cewa su ma za su iya riƙe babban kasuwanci kamar mutanen Bay Street. Da gidan silima suka fara, abin ya girma ya zama Sunshine Holdings mai harkar inshora da bada rance da gine-gine, ciki har da Arawak Homes wanda ya gina wa masu matsakaicin ƙarfi gidaje masu yawa a New Providence, tsibirin da Nassau yake. Daga baya aka ba shi sarautar Sir.

Kamfaninsu na Eleuthera Properties ya fara tara filaye a kudancin tsibirin tun wajajen ƙarshen shekarun 1980. Masu hannun jarin galibi 'yan ƙasa ne, kuma abin da kamfanin ya fi tinƙaho da shi kenan a duk sanarwarsa. A tsakiyar shekarun 2000 an yi yunƙurin farko da sunan Cotton Bay Estates, da shirin otal na alfarma tare da kamfanin Starwood, sai rikicin kuɗin duniya na 2008 ya zo masu sayen gidajen hutu suka ɓace, aiki ya tsaya. Kar a rikita wannan da tsohon kulob ɗin Trippe, shi wancan yana hannun attajirin Kolombiya Luis Carlos Sarmiento, wanda shi ma ya shafe shekaru yana sanar da shirin otal a wurin.

Filayen wasan

Sunan Jack's Bay ya fito fili ne wajajen 2016 zuwa 2017 da aka sanar cewa TGR Design, kamfanin zanen filaye na Tiger Woods, zai yi aiki a wurin tare da masu ginin da suka yi filin golf na Bluejack National a jihar Texas. Woods mai zane ne a nan, kuma sunansa shi ne babban abin talla, mutumin da ya ci Masters a 1997 yana da shekara 21 ya sauya tunanin duniya kan wa ke buga golf. Sai dai sa hannunsa ba tabbacin gama aiki ba ne, filin farko da aka ba shi a Dubai ya tsaya bayan rikicin 2008 ba a ƙarasa ba, na farko da ya buɗe shi ne El Cardonal a Meziko a 2014.

Abin da aka gina daga zanensa shi ne ƙaramin fili mai ramuka 10 da ake kira The Playground, a kan dutsen bakin teku, an fara wasa a kai wajajen 2020. Ramukan gajeru ne, irin wanda iyali za su zaga cikin awa ɗaya da wani abu, saɓanin cikakken fili mai ramuka 18 da ke cin awa huɗu. Shi cikakken filin daga baya aka sanar cewa kamfanin tsohon gwanin golf Jack Nicklaus ne zai zana shi.

Yadda irin wannan kasuwanci ke tafiya, ba kuɗin wasa ke biyan aikin ba. Filin golf ɗin ado ne da ke ɗaga farashin fulotan da ke kewaye da shi, a sayar wa baƙo fuloti ko gida da dalar Amurka, ya biya kuɗin zama mamba, da wannan kuɗin a gina mataki na gaba, shi ya sa da zarar ciniki ya ja baya sai komai ya tsaya cak. Bahamas na jan irin waɗannan masu saye saboda ba a biyan harajin kuɗin shiga, dalarsu ɗaya take da ta Amurka, Florida kuma tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgi. Ma'ana dai ko da masu wurin baƙaƙe ne 'yan ƙasa, waɗanda ake gina wa ɗin kusan jikokin mutanen Cotton Bay ne.

Rikicin fili

A can ƙarshen kudu, wajen Bannerman Town, kamfanin ya yi doguwar shari'a da jikokin bayin gidan Millar a kan fili sama da eka 2,000, wanda wata Ann Millar ta bar wa tsoffin bayinta a wasiyya a ƙarni na 19. Wannan ba filin Jack's Bay ba ne. A 2018 kotun ƙoli ta ƙasar da ke zama a Landan ta yanke cewa babu ɓangaren da ya tabbatar da mallaka.

Ruwa, wuta da muhalli

Eleuthera ba ta da kogi ko ɗaya. Ruwan daɗi ɗan siriri ne da ke kwance a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa, in aka zuƙe shi da yawa sai gishiri ya hau, don haka yawancin ruwan famfo daga injin tace ruwan teku yake zuwa, injin kuma sai da lantarki. Filin golf na shan ruwa ba kaɗan ba, abin da ya sa filayen yankin ke shuka irin ciyawar da ke jure gishiri. Mazauna tsibirin sun sha kokawa kan ɗauke wuta da yankewar ruwa, kuma duk sabon aiki babba sai an yi tambayar ko zai ƙara wa layin nauyi ne ko zai samar da nasa. Masu kare muhalli kuma damuwarsu taki da maganin ƙwari da ke bi ta dutsen mai ramuka su kai ga murjanin teku.

Halin da ake ciki

Ana ci gaba da sayar da fulotai da gini daki-daki. Kudancin tsibirin ya ɗan samu motsi tun da kamfanin Disney ya buɗe wurin saukar fasinjojin jiragen ruwansa a Lighthouse Point a 2024.